Takardar Sallamarka Tana Hannuna, Haliru

Wurno, ranar Alhamis.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga mahaifinka Malam Ladan zuwa ga ɗana Haliru. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a tafe, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki duk inda ka sa ƙafa, amin.

Bayan haka, na san za ka yi mamakin samun wasiƙa daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinsa da naka. Ka yi haƙuri. Sau uku ina kiran ka zaure cikin makon nan da niyyar in yi maka wannan magana, sau uku ina ƙarewa da tambayar ka ko an ba jaki ruwa. Bakina ya ƙi. Shi ya sa na koma ga alƙalami, tunda shi bai san kunyar ɗa da uba ba.

Ga maganar. Takardar sallamarka daga aikin koyarwa, wadda kake ta jira tun da ka baro makarantar Rabah, ba ta ɓace a ofis ba. Tana hannuna. Yau kwana goma sha biyu ke nan tana cikin akwatin littattafaina. Abokina Malam Sambo, mai duba makarantu, shi ya kawo mini ita da kansa. Ya ce, “Malam Ladan, ga takardar yaron ga ta hito. Na ce ba ni miƙa mai ita sai ta biyo ta hannunka. Kai kah haihe shi, ba ohis ba.” Na karɓa na yi godiya, da niyyar in ba ka bayan la'asar. La'asar ta yi, ta wuce, gari ya waye, ban ba ka ba. Kullum ina ganin ka kana leƙa ƙofar gida in an yi sallama, ni kuwa ina zaune ina jan carbi kamar ban san komai ba.

Ranar Talata ka durƙusa ka ce mini, “Baba, Litinin za ni Sakkwato in bi sawun takardag ga. In ta samu sai in nemi wani aiki. Wane aiki kaka ganin ya dace da ni?” Na ce maka Allah ya zaɓa mafi alheri, na tashi na shige cikin gida. Ba alwala ce ta tashe ni ba, kunya ce.

Na san abin da takardar nan take nufi fiye da kowa. In babu ita, babu ofishin da zai ɗauke ka aiki na dindindin, za a ce ka gudu ne daga bakin aikinka. Ni da na bar aji ba da takarda na fita ba, shi ya sa duk aikin da na yi daga baya na roƙo ne, kawuna ya je ya faɗi gaban wani babba, a ɗauke ni na wucin gadi. To ka ga ba cikin rashin sani na riƙe ta ba. Kuma wallahi, yanzu da nake rubutun nan, ban san ko zan sa ta cikin ambulan ɗin nan ko ba zan sa ba. Bari dai in fara da tambayar da ka yi mini, wataƙila kafin in gama zuciyata ta tsaya wuri ɗaya.

Mutane suna cewa wanda ya iya rubutun boko ba ya rasa aiki. Gaskiya ne, a zamaninmu haka yake, yanzu ma ya fi. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne, in malami ya fita daga aji, halin aji yana bin sa duk inda ya je. Ni shi ya yi ta kayar da ni, aiki bayan aiki.

Aikina na farko bayan koyarwa, magatakarda ne a kotun wani alƙali can wajen Goronyo. Aikin ba wuya, a yi magana ka rubuta. Wata rana aka kawo wani dattijon Bafulatani, ana ƙarar shanunsa sun cinye gonar wake. Alƙali ya tambaye shi ta ina shanun suka bi ran nan. Tsohon nan Hausarsa ba ta da yawa, ga tsoro. Ya fara, “Shanu sun bi ta... ta...” yana ta nuni da hannu, kalmar ta ƙi zuwa. Ka san yadda muke yi wa yaro in ya kakare a aji, mu ɗora masa kalma a baki don ya samu ya wuce. Ban san lokacin da na ce, “Ta gefen gonar?” ba. Ya dubi rigata, ya dubi alƙalamin da ke hannuna, ya ce, “To.” Na rubuta. A kan wannan aka yanke hukunci, aka karɓe masa karsana. Sai bayan kwana biyu na ji ashe burtali yake son cewa, hanyar shanu da ke can ƙetaren rafi, nesa da gonar. Da aka tambaye shi dalilin da ya amsa, sai ya ce Malam ya riga ya faɗa. Na je wurin alƙali, ya ce abin da aka rubuta an rubuta.

Saboda haka, in aikin kotu ka samu, ko duk wani aikin da mutum zai tsaya gabanka yana neman kalma, ka kama bakinka. Ka bar shi ya kakare, ka bar shirun ya yi tsawo, ko da yana ci maka rai. Ba ɗalibinka ba ne.

Amma tsaya, kada ka riƙe wannan da ƙarfi. Bayan abin nan na yi alkawari ba zan ƙara buɗe baki a kotu ba. Sai ga wata mata da mijinta ya rasu, 'yan'uwansa suna neman ƙwace mata 'yar gona. Ina kallon ta, na san abin da ya kamata ta faɗa, na san tana da shaida, kunya ce kawai ta rufe mata baki gaban maza. Na yi shiru kamar yadda na ɗaukar wa kaina. Gonar ta tafi. To yanzu me zan ce maka? Na yi magana na cuci mutum, na yi shiru na cuci mutum. Shekara da shekaru ina juya abin nan, ban samo inda iyakar take ba. Abin da na sani kawai, aikin kotu bai karɓe ni ba, na bar shi kafin kaka.

Daga nan kawuna ya sake roƙa mini, aka ɗauke ni malamin gona, aka tura ni fadamar da ke kusa da Rimawa. Na ji ka ambaci aikin gona cikin waɗanda kake tunani, don haka ka karanta wannan da kyau, nan ne na yi babban kure.

Baturen gona ya ba ni irin wata sabuwar shinkafa, ya ce in yi gonar gwaji inda kowa zai gani. Na zaga fadama da kekena, na ga wani fili shimfiɗaɗɗe, baƙar ƙasa, daidai bakin hanya, ba kowa a kansa. Na ce a raina, ji sakarcin mutanen ƙauye, wuri mai kyau haka sun bar shi ga ciyawa. Mai gari ya tara mini magidanta. Na tsaya gabansu da igiya da turaku, na yi musu bayanin shuka a layi, ina ɗaga murya ina maimaitawa sau biyu-biyu. Da na gama sai na ce, “Wurin nan ya yi ko bai yi ba?” Suka amsa baki ɗaya, “Ya yi, Malam!” Na ji daɗi har cikin raina, na ce ashe manya sun fi yara saurin ganewa. Ban lura ba cewa irin tambayar aji na yi musu, wadda mai tambaya ya riga ya riƙe amsa, su kuwa suka ba ni abin da nake jira.

Washegari da safe wani dattijo mai suna Baba Arzika ya yi sallama a masaukina. Shi ne mafi tsufa cikin manoman fadamar. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Wurno, ya zauna. A zauren akwai mutum biyu-uku da suka zo ganin baƙo. Na jira ya faɗi abin da ya kawo shi, bai faɗa ba. Ni kuma lokacin ina da agogon aljihu, ina ji da shi. Na ciro na duba, na ce, “To Baba, na gode, aiki yana jira na.” Ya miƙe, ya ɗan tsaya a bakin ƙofa yana gyara takalmi. Ina zaune kan kujera na ɗaga masa hannu, kamar yadda nake sallamar yara in an buga ƙararrawa. Ya tafi. Kashegari ya dawo, haka muka yi. Rana ta uku ma haka. Har na fara ce wa mai masaukina tsohon nan ba shi da aikin yi ne. Rana ta huɗu bai zo ba.

Aka yi gayya, kowane gida ya ba da mutum, wasu suka bar nasu aikin a lokacin da ya fi tsada. Muka shuka a layi, shinkafa ta fito gwanin kyau, har Bature ya zo ya gani ya girgiza mini hannu. Da marka ta kankama gulbi ya cika. Cikin kwana biyu gonata ta koma tafki, ko kan turakun ba a gani. Gonakin mutane da ke ɗan tudu, waɗanda nake rainawa saboda ba su da layi, ba abin da ya taɓa su.

Na tafi gidan Baba Arzika raina a ɓace. Na ce, “Baba, kun san haka za ta faru kuka bar ni?” Ya ce, “Malam, wurin ga hanyar ruwa ta. Tun ina yaro nan gulbi ka biyowa in ya cika.” Na ce, “To don me ba ka gaya mini ba?” Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya ce, “Na zaka sau ukku. Ba ka raka ni ba ko sau guda. Ƙaƙa zan ce ma Malam ya yi kure cikin zaure, ga mutane zaune? Maganag ga ta bakin hanya ta.”

Haliru, ni ɗan Wurno ne, a gidan malamai na tashi. Na ga mahaifina yana raka baƙo har bakin masallaci, na ga yadda baƙo yakan tsaya can, ya sunkuyar da kai, sannan ya fito da ainihin abin da ya kawo shi. Na san wannan tun ban iya ɗaura wando ba. Shekarun makaranta ne suka goge mini shi, inda ake shiga da ƙararrawa a fita da ƙararrawa, mai magana ya ɗaga hannu gaban kowa. Kunyar da na ji ran nan ta fi ta asarar shinkafar.

Don haka duk aikin da ka kama, in wani ya zo gaishe ka ya zauna bai ce komai ba, in ya tashi ka tashi. Ka sa takalmi ka taka masa, ku wuce inda kunnuwa suke. Kada ka juyo sai ya ce ka koma, in ya ce ka koma ma ka ƙara taku goma. Ni tun daga ranar nan ban ƙara barin baƙo ya fita shi kaɗai ba, har mahaifiyarka takan yi mini tsiya wai ko mai tallan gishiri sai na kai shi ƙofar gari. Gaskiya kuma, cikin goma tara ba abin da suke faɗa, takalmana ne kawai suke ƙarewa. Ban san yadda ake gane na gomar ba, shi ya sa nake raka duka.

Da aikin gona ya ƙare na ce na gaji da hukuma, bari in gwada kasuwa. Na sari albasa na kai Goronyo. A nan ma halin bai bar ni ba. Na zauna na ware ta layi uku, ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Duk wanda ya taɓa ta layin baya sai in fara yi masa bayanin aibinta, wannan ta sha ruwa da yawa, wannan ba za ta kai wata ba. Wata tsohuwa ta saurare ni har na gama, ta ce, “Malam, albasa kaka saidawa ko wa'azi?” Wani kuma yana taya kaya ina magana, ban san lokacin da na daka masa tsawa na ce a yi shiru ba. 'Yan kasuwar suka yi ta dariya har da riƙe ciki, daga ranar suka sa mini Hedimastan Albasa. Ban yi kasuwa biyar ba na tattara buhunana. Shawarata a nan ba ta da yawa: in ka ga kana son gaya wa mai saye gaskiyar da bai tambaye ka ba, to kasuwa ba taka ba ce. Ko kuwa taka ce, don na ga masu gaskiya da suka yi arziki a cikinta. Ni dai ban kai ga ganewa ba.

Abin da na zauna a kansa har yau ka san shi, rubuta wa mutane wasiƙa a gindin bishiyar bakin kasuwa. Na fara ne lokacin yaƙin nan da aka kwashi samari, iyaye suna neman mai rubuta musu. Farkon farawa nakan ƙawata maganarsu. Wata mata ta ce in rubuta wa ɗanta soja, “Ka ce mai, akuya ta haihu. Ka ce mai, ruhin ɗaki ya zube. Shi ke nan.” Na cika shafi da kalmomi masu daɗi na kewa da addu'a. Ta ce in karanta mata. Da na gama ta ce, “Wagga ba maganata ba ta. In ya ji ta sai shi ce na mutu wani ya rubuto. Cire.” Na yaga na sake. A gindin bishiyar nan na koyi rubuta abin da aka faɗa, ba abin da ya kamata a faɗa ba. Aikin ya kwantar mini da hankali, amma ba zan ce ka bi ni can ba. Bai riƙe gida ba sai da gonar gado, kai kuma ga iyali.

To saura waɗanda na ji kana ambata. Aikin asibiti yana da lada, mutane suna girmama malamin magani, amma kai da kake kau da kai in ana yanka ragon layya, ban san yadda za ka yi da gyambo ba. Ko da yake an ce ana sabawa. Kantin Turawa a Gusau akwai samu, sai dai za ka wuni a tsaye bayan teburi, yaron da ka koya wa baƙaƙe ya zo ya aike ka ɗauko masa sabulu. Wataƙila wannan ba komai ba ne, girman kaina ne kawai yake magana. Reluwe, aikin jirgin ƙasa a garin Ƙaura, aiki ne mai ɗorewa, amma mahaifiyarka ta riga ta fara kuka tun ba a je ko'ina ba. Su kuma masu jam'iyyun nan da suke yawo suna neman mai rubuta musu takardu, ban san kansu ba, ban san gindinsu ba. Wasu sun ce gobe tasu ce in Turawa sun tafi. Jiya na kwanta ina cewa gona ce ta dace da kai, na tashi ina cewa asibiti, da hantsi na koma cewa ka koma ajinka kawai. Ka tambayi mutumin da ya gwada aiki huɗu bayan barin aji ya faɗi a uku, me kake tsammani zai ce maka?

Na zaga na zaga, ga shi na dawo kan takardar. Na yi ta gaya wa kaina na riƙe ta ne don kada ka sha wuyar da na sha. Da hakan ne, ai da tuni na ba ka, tunda rashinta ne ya wahalar da ni. Akwai wani abu, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarka.

Kun tashi kuna jin cewa ciwon ƙirji ne ya raba ni da aji, wai ƙurar alli. Ƙarya ce. Ƙirjina lafiya lau.

Makarantar da na koyar ɗaki ɗaya ce a wani ƙauye gabas da Rabah, ni kaɗai ne malami. Yaran ba da son iyayensu suke zuwa ba, mai gari ne ake ce wa ya kawo, shi kuma ya bi gida-gida ya ɗauko. Wata shekara ruwa ya yi jinkiri, mutane suka shiga damuwa, har aka fita roƙo. Ranar da ruwan shuka ya sauka, gari duka ya watse gona tun da sassafe, ka san ƙasar nan in ba a shuka ran nan ba laimar ba ta jira. Ni kuwa na buga ƙararrawa kamar kullum. Yaran suka zo suka zauna, ina koya musu sunayen gulaben wasu ƙasashe da ni kaina ban taɓa gani ba. Sai na hango wani mutum ta taga, tsaye a gindin aduwa, da sungumi a kafaɗa da ƙwaryar iri a hannu. Uban ɗaya daga cikin yaran ne, matarsa ba ta da lafiya, ba shi da mai bin sa da iri in ya sara. Bai yi sallama ba, bai matso ba. Yana tsaye kawai yana duban ɗakin.

Doka ta hana ni sakin yaro lokacin karatu. In na saki ɗaya kuwa sai na saki duka, in labari ya kai ofis in sha tambaya. Na ci gaba da karatu. Na juya ga allo, na juyo, yana nan. Na kasa sakin yaron, na kasa ci gaba. Sai na ajiye alli a kan teburi na ce wa yaran, “Ku jira ni, ina zuwa. Kada wanda ya motsa.” Na fita. Na wuce mutumin nan ban iya duban fuskarsa ba. Na ce bari in ɗan taka in sha iska in dawo. Ƙafata ta yi ta tafiya. Ban tsaya ba sai Wurno, ko rigata ta biyu ban ɗauko ba. Har yau in ka tambaye ni me ya sa ban juya ba, ban sani ba. Tausayi ne, tsoro ne, ko dama can na gaji ne ina neman dalili, Allah kaɗai ya sani.

Na daɗe ina ɗauka ai da suka ga ban dawo ba sun watse. Sai shekarun baya, zan ƙetare gulbi zuwa ta'aziyya, na shiga jirgin wani mai fito, ƙaton mutum da furfura a gemu. Muna tsakiyar ruwa ya ce, “Malam Ladan, ba ka shaida ni ba? Ummaru na, na layin gaba, wajen taga.” Muka gaisa, na rasa inda zan sa idona. Yana tuƙi yana dariya ya ba ni labari. Ashe ba su motsa ba. Ni na koya musu ba a tashi sai malami ya ce a tashi, da bulala na koya musu. Suka zauna har azahar. Wata mai fura ta leƙo ta ce su tafi gida, suka ce Malam ya ce a jira. Mutumin da ke gindin aduwa ya matso har bakin ƙofa, amma ya ji tsoron shiga ɗakin hukuma ya ɗauki ɗansa, ya koma ya tsaya. Sai bayan la'asar mai gari ya dawo daga gona ya kore su. Ran nan mutumin bai shuka ko rami ɗaya ba. Da muka kai gaɓa na miƙa wa Ummaru ladan fito, ya ƙi karɓa. Ya riƙe mini hannu na sauka, yana murmushi ya ce, “Malam, har yau hwa ba ka ce muna mu tashi ba.” Shi wasa yake yi. Ni na je gidan ta'aziyyar nan na yi kukan da mutane suka ɗauka na mamacin ne.

Ranar da ka fara koyarwa a Rabah na ji wani sanyi a raina da ban taɓa ji ba. Na ɗauka alfahari ne irin na uba. Sai da Malam Sambo ya ɗora mini takardar nan a hannu na gane ba shi kaɗai ba ne. Shekara shida ina jin kamar kai ne ka koma ɗakin nan a madadina, muddin kana tsaye gaban allo to ban gudu gaba ɗaya ba. Shi ya sa na kasa ba ka. Ba don kai na riƙe ta ba, Haliru, don kaina ne. Wannan zalunci ne, na kuwa yi maka shi kwana goma sha biyu, kana gaishe ni safe da yamma. Ka yafe mini.

Ga takardarka nan, na naɗe ta cikin wannan. Na sa na cire, na sa na cire, yanzu na sa kuma zan liƙe ambulan kafin in sake tunani. Ban san aikin da ya dace da kai ba, ban ma san ko barin ajin daidai ne ko kuskure ba. Ka zaɓa da kanka, duk wanda ka kama na sa maka albarka.

Abu ɗaya zan roƙe ka, kuma ba sharaɗi ba ne, takardar ta riga ta zama taka. Malam Sambo ya gaya mini ranar da aka ba da hutu ka tattara kayanka, ba ka gaya wa yaranka ba za ka dawo ba. An koma makaranta, ba a turo wani ba tukuna, kullum suna zuwa su share ɗakin su zauna. Na san Rabah ba kan hanyarka take ba, za ta ci maka kwana ɗaya ko biyu. Ka bi ta can. Ka shiga ajin da ƙafarka, ka kira sunansu ɗaya bayan ɗaya, ka gaya musu za ka tafi kuma ba laifinsu ba ne. Sannan ka ce musu su tashi su tafi gida. Ni nawa sun yi furfura, wasu sun riga ni kwanta dama, ban da ɗakin da zan tara su in faɗa musu.

Allah ya kai ka lafiya, ya buɗa maka ƙofar da ta fi alheri ko da ba wadda muke kallo ba ce. Allah ya tsare maka mutuncinka da addininka a baƙon wuri, ya kiyaye iyalin da ka bari a hannunmu, ya dawo mana da kai muna raye. In ka karanta, ba sai ka zo ka ce mini komai ba. Ranar Litinin zan fito zaure tun da asuba, da takalmana a ƙafa, in taka maka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Ladan